Kuben Sandunan Injiniya

Ni ba ɗan gidan masunta ba ne. Mahaifina dillalin fata ne a kasuwar Azare, ni kuwa alli na riƙe har na ajiye aiki ina hedimasta. Kafin shekarun da zan ba da labarinsu, a cikin miya kawai na san kifi.

Mai ɗakina ta rasu shekara biyu bayan na bar aiki. 'Ya'yanmu huɗu duk sun riga sun watse. Mata biyu suna gidajen mazajensu a Kano da Potiskum, maza biyun kuma aiki ya kai su nesa. Da aka yi sadakar arba'in kowa ya koma inda ya fito, aka bar ni da gida mai ɗaki biyar da darbejiya ɗaya a tsakar gida. Daga gidan ƙanena ake aiko mini da abinci. In je masallaci, in dawo, in kunna rediyo, in kashe. Abokan zamana na ƙofar masallaci suka sa ni gaba da maganar in sake aure, har na gaji da ba su amsa, na rage zama a wurin.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Injiniya. Haka duk unguwa ke kiransa, ko da yake ya sha faɗa cewa shi ba injiniya ba ne, makanikin famfo ne. Mutumin kudancin Bauchi ne, daga ƙasar duwatsu, kuma Kirista. Aikin rijiyoyin burtsatse ya kawo shi Azare tun yana saurayi, ya zauna har kansa ya yi fari. Matarsa ta riga tawa rasuwa, aka kai ta garinsu aka binne. 'Ya'yansa sun so ya koma gida, ya ce shi a can baƙo zai zama. Mun fi shekara ashirin muna maƙwabtaka, amma abin da ke haɗa mu bai wuce gaisuwa ba, sai tuwon sallah da shinkafar kirsimeti, su ma matan ne ke aika wa juna. Da matan suka tafi, kwanukan ma suka daina tsallaka katanga.

Wata Juma'a bayan la'asar, cikin kaka, ina zaune a dakalin ƙofar gidana Injiniya ya zo wucewa da bokiti. Ya wuce, sai ya dawo da baya.

"Hedimasta, gobe me kake yi?"

"Abin da na yi yau," na ce.

"To, ka shirya da sassafe, ka raka ni Katagum."

Ban tambaye shi abin da za mu yi ba. Ina jin ko jeji ya ce in raka shi a ranar, zan bi shi.

Kamun kifi ne. Yana da sandunan fatsa guda uku. Biyu na kanti ne, wani Bature da suka yi aikin haƙar rijiya tare ya bar masa. Kowace tana rabuwa biyu, kowane rabi ya kai ƙirjina in an tsayar da shi. Ta ukun shi ya yi ta da hannunsa da siririyar gora, ya yanke ta biyu, ya yi mata mahaɗi da guntun bututun ƙarfe. Ita ya ba ni. Muka sauka a mota, muka taka zuwa wata kwana ta kogi da ya sani, inda ruwan ke lafawa a gindin wata tsamiya. Ya nuna mini yadda ake soka tana a ƙugiya, da yadda ake ɗaura totuwar kara a jikin zare don ta riƙa yawo a kan ruwa, in kifi ya taɓa ta nutse. Ranar ban kama komai ba. Shi ya kama karfasa huɗu da tarwaɗa ɗaya. Da azahar ta yi na yi alwala a bakin ruwa na ta da salla, shi kuma ya riƙe sanduna biyu, ɗaya a kowane hannu, har na idar. Duk maganar da muka yi a wunin nan ba ta cika shafi ɗaya ba. Amma da na dawo gida na cinye abincina tas, abin da na daɗe ban yi ba.

Daga nan Asabar ta zama tamu. Abu ɗaya ne ke damuna, shi ne tafiyar da muke yi daga unguwa zuwa tasha. A buhu yake naɗe sandunan, kawunansu a waje, kowa yana gani. A wurinmu su, wato kamun kifi, sana'ar gado ce, ba a saba ganin dattijon da ya riƙe makaranta ya saɓa fatsa ba. Wani tsohon ɗalibina mai tuƙa keke ya taɓa tsayawa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Malam, su aka koma?" A ƙofar masallaci kuma aka laƙaba mini Sarkin Ruwa. Ina dariya tare da su, amma abin yana sosa ni.

Cikin rani, wata Asabar muna dawowa, mota ta cika maƙil, kwandasta ya ce sai dai a ɗora kayanmu a sama. Injiniya ya roƙe shi ya sa su a gefe. A hanya aka tsaya aka ɗauki buhunan albasa. Da muka iso Azare aka sauko da naɗinmu, tun kafin ya kwance na ga ya lanƙwashe. Sandar da ya fi so, mai launin zuma, siririn rabinta ya karye gida biyu. Ya juya guntayen a hannunsa, ya haɗa bakinsu, ya raba. Na fara yi wa kwandastan faɗa, sai ya dafa ni.

"Bar shi, Hedimasta. Ni na ba shi."

Ya mayar da guntayen cikin buhu, muka kama hanyar gida. Daga baya ya ɗora ta da waya da gam, amma ba ta ƙara lanƙwasa kamar da ba.

Ranar Litinin ya buga mini ƙofa ya ce mu je 'yan katako. Gora yake nema. Gorar ƙasarmu siririya ce, cikinta kusan a cike yake, ta sandar makiyayi ce da rufin ɗaki. Wadda yake so ita ce ƙatuwar nan da ake kawowa daga kudu a manyan motoci, magina suna kafa ta su taka in suna gina bene. Ya ce zai yi wa kowace sanda gidanta. Ni na ce ai wannan kube ke nan, irin na takobi, sunan kuma ya bi shi.

"Kai da ka san bututun roba ciki da waje," na ce, "me zai hana ka yanko ɗaya mu huta?"

"Shekara talatin ina taɓa roba, ta ishe ni. Kuma in rana ta buge ta gumi take yi, ta dafa abin da ke ciki. A garinmu kakana a gora yake ajiye kibansa. Har zuma a ciki yake zubawa."

Mun fi awa biyu a wurin masu gora. Ya zo da sifana a aljihu, yana bi yana ƙwanƙwasa kowace, yana kara kunne. Mai kore shar ya ce ɗanya ce, za ta motse. Wadda magina suka taɓa amfani da ita ta bushe da kyau, amma ƙusa ta huda ta. Wadda yake nema ita ce wadda ta fara komawa rawaya, mai kauri kamar damtse, mai ƙara tsaf in an buga. Mai gorar ya gaji ya koma kan bencinsa ya bar mu. Daga ƙarshe muka zaɓi biyu dogaye, aka yanka mana kowace biyu, muka sa a keke.

A tsakar gidana muka yi aikin, don nasa gidan duk siminti ne, babu inuwa. Ranar ce farkon da ya wuce zaurena a duk shekarun nan. Ya tsaya yana kallon igiyar shanya da turmin da ke kife a gindin bango, sannan ya ajiye jakar kayan aikinsa.

Ya auna rabin sanda a jikin gora, ya ƙara taƙi ɗaya, ya yanke da zarto. Ta ƙasa a bayan gaɓa yake yankewa, don bangon da ke cikin gaɓar ya zama gindin kuben. Sannan ya ce mu kwantar da su huɗun a zaure, a inuwa, mu riƙa juya su kullum, kada mu taɓa su sai sun yi mako uku.

Bazara ta riga ta shigo. Na ga mako uku ya yi mini nisa, ga rana tana zuba a banza. Na ɗauki ɗaya na jingina a bangon da rana ta fi bugu, ban gaya masa ba. Kwana na biyu, ina kishingiɗe bayan azahar, na ji wata ƙara kamar an harba bindiga a tsakar gida. Na fito ba takalmi. Gorar ta tsage tun daga baki har gindi, hannuna zai iya shiga. Da na kai masa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya zauna a kan bokiti yana share hawaye.

"Shi ya sa na yanko huɗu," ya ce. "Na san akwai hedimasta a cikin aikin."

Da lokaci ya yi muka fara da ɗaya. Babban aikin shi ne fasa bangayen da ke cikin gaɓoɓi, don ciki ya zama rami ɗaya. Ya samo rodi, ya daddaƙe bakinsa ya yi faɗi, ya wasa. Ni in zauna a ƙasa in rungume gorar, in tokare gindinta da ƙafafuna, shi ya zura rodin ya riƙa bugu da guduma yana murzawa. Duk bangon da ya fashe sai in ji shi a ƙirjina. Ya ɗaura tsumma a jikin rodin daidai inda ya kamata ya tsaya, ni ne mai lura, in tsumman ya kusa bakin gora in ce masa ya isa, don kada ya fasa na ƙarshe. Sai mu kife ta, ɓaraguzai su zubo. Bayan nan ya naɗe samfefa a kan doguwar sanda, muka yi kwana uku muna gogar ciki, muna karɓa-karɓa, har ya zura tsohuwar safa ta fito ba ta kama ko'ina ba.

Sai wuta. Muka hura gawayi a kasko, yana juya gorar a kan garwashi a hankali. Wani maiƙo ya riƙa tsattsafowa daga jikinta, ina bi da tsumma ina gogewa, tana ƙanshi kamar gasasshiyar masara. Ya ce wannan ke hana ƙwari cinta. Launinta ya koma kamar na soyayyar gyaɗa, tana sheƙi.

Wurin ɗaurin baki ne na yi rana. Dole a ɗaure bakin da tsakiya da gindi, in ba haka ba zafin garinmu zai tsaga ta ko a inuwa. Shi waya ya ɗauko. Na ce ya dakata. Na je kasuwa, layin da mahaifina ya zauna, na samo ƙirgi, wato fatar sa da ba a jeme ba. Na yanka shi siri-siri, na jiƙa ya kwana, na naɗa shi da danshinsa. Da ya bushe ya ƙanƙame gorar, ko tsinin wuƙa ba ya shiga tsakani. Injiniya ya gwada da farcensa, ya gyaɗa kai.

"Ashe ka san wani abu ban da dukan 'ya'yan mutane."

Wani baduku ya ɗinka mana murfi na jar fata da maratayi. Muka tura tsumma mai laushi can gindi, Injiniya ya huda wani ɗan rami a gefe don iska. Sandar mai launin zuma muka fara sa wa. Ta shige sumul, ya rufe, ya girgiza, ba a jin motsinta.

Sau uku muka je Katagum da kuben nan kafin ruwa ya sauka. Ni nake rataya shi. Sauran sandunan biyu suna nan a buhu, amma yana riƙe su a cinyarsa, ba ya yarda a ɗora a sama. Da damina ta kankama kogi ya cika ya yi ja, muka dakata. Muka ce sauran gorar biyu za mu gama su kafin kaka.

A lokacin mun riga mun saba shan shayi tare. Da safe in ya dafa sai ya buga katanga da sifana sau biyu, in zagaya. Wata Talata ban ji bugun ba. Na ce ko ya makara. Hantsi ya yi, ban ji famfonsa ba, ban ji tarinsa ba. Na je na buga ƙofa, a kulle ta ciki. Na kira maƙwabta biyu muka ɓalle ta. Muka same shi a ƙasa kusa da gado, idonsa biyu, bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. Ya dube ni yana son ya yi magana, sautin ne kawai ke fita.

Kwana goma ya yi a asibiti. Mutanen cocinsu suka riƙa zuwa, ni ma kullum ina can daga safe zuwa azahar, ina zaune a kan benci ba abin da nake iya yi masa. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya ce a Bauchi, ta zo ta ce za su tafi da shi gida. Ranar tafiya aka kwantar da shi a bayan mota. Na sunkuya ta taga in yi masa sallama, ya kama hannun rigata da hagunsa, ya riƙe gam, yana ta maimaita wani abu. Ban gane ba. 'Yar ta kara kunnenta a bakinsa.

"Baba, ina jin sandunan nan yake nufi," ta ce mini. "Ka riƙe su a wurinka."

Ta shiga ta ɗauko su, kuben da naɗin buhun da jakar kayan aiki, ta miƙo mini. Na tsaya da su a hannu har motar ta sha kwana.

Na yi kusan wata guda ban taɓa su ba. Da safe sai in farka in kasa kunne wajen katanga, sannan in tuna. Gorar nan biyu suna kwance a zaure, kullum sai na tsallake su in zan fita masallaci. Wata rana na sunkuya na juya su kamar yadda ya ce a riƙa yi, na ga ƙwari sun fara huda ɗaya, gari yana zuba. Ranar na ɗauko jakarsa.

Aikin mutum biyu ne, ni kuma ni kaɗai ne. Na gwada tokare gorar da bango, tana zamewa. Na gwada takawa da ƙafa, bayana ya ƙi. Daga ƙarshe na ɗaure ta a jikin darbejiya da igiyar shanya, a tsaye, na hau turmi ina buga rodin daga sama. Na ɗaura tsumman alama, amma idona yana kan guduma, babu mai ce mini ya isa. Sai ji na yi rodin ya zarce ya caki ƙasa. Na fasa gindin. Na sauko na zauna a kan turmin, na daɗe a wurin, har aka kawo abincin rana daga gidan ƙanena ban tashi ba.

Ta biyun ta yi. Sai na koma 'yan katako don in maye wadda na ɓata. Mai gorar ya tambaye ni ina mutumin nan mai ƙwanƙwasa, na gaya masa, ya yi masa addu'a. Na fiddo sifanar na riƙa bugawa ina kara kunne, ko da yake ban tabbata na san abin da nake saurare ba. Doguwa ɗaya nake buƙata, na sayi uku.

Kafin kaka ta ƙare kowace sanda ta sami kubenta. Amma ban tsaya ba. Aikin yana cinye wuni: safe guga, bayan la'asar wuta ko ɗauri. In na gama ɗaya sai gidan ya yi tsit, in rasa inda zan sa kaina, sai in ɗauko wata. Na yi bakwai. 'Yata ta Kano ta kira ni wata rana ta ji ƙarar guduma.

"Baba, me kake yi haka?"

Na gaya mata.

"To guda nawa ne sandunan?"

"Uku."

Sai ta ce in zo Kano in huta ko na wata ɗaya ne. Na ce sai na gama wanda ke hannuna.

Da ruwa ya janye na koma Katagum ni kaɗai. Na ɗauki kube biyu na rara, na ce bari in kai wa masuntan da ke da bukkoki a ƙasan inda muke zama. Babbansu, wani dattijo mai faɗin ƙirji, ya karɓa ya jujjuya, ya buɗe ya leƙa, ya yaba ɗaurin ƙirgin. Sannan ya ce, "Malam, aiki ya yi kyau. Sai dai mu ba ma kamu da sanda. Da raga muke yi, koma da taru, ƙugiyoyinmu kuma a bakin ƙwarya muke jera su." Ya karɓi ɗaya don kada in ji kunya. Bayan mako biyu na hango kuben an tokare ƙofar bukka da shi. Na wuce abina.

Zaman gindin tsamiya ni kaɗai daban yake. In azahar ta yi sai in naɗe zaren in kwantar da sanda a kan ciyawa, in yi salla, in sake jefawa. Na fara kama kifi, har na taɓa ciro tarwaɗar da ta kai tsawon hannuna. Na ɗaga ta na juya hagu, inda yakan zauna. Na sa ta a bokiti.

Cikin rani 'yarsa ta dawo kwashe kaya, za a ba da gidan haya. Na fito mata da sandunan uku, kowace a kubenta. Ta ce, "Baba, ai ba zai ƙara riƙe su ba. Ko cokali sai an ba shi." Na ce na sani. Motar ta cika da katifa da kujeru, ta ce ɗaya kawai za ta iya ɗauka. Na so in ba ta mai launin zuma, sai na tuna kubenta shi ya yi, ya san shi. Na cire sandar na sa ta a cikin wanda na ga ya fi kyau a cikin nawa, na ba ta.

Bayan kwana huɗu ta kira ni. Ta ce ta ɗora masa a cinya, ya daɗe yana shafawa da hagu, ya cire murfin da haƙori, ya leƙa ciki, ya zura yatsa yana taɓa bangon.

"Ya ce wani abu?"

"Kalma ɗaya muka gane. Ya ce, samfefa."

Na yi dariya har na kasa tsayawa, na zauna a dakali. Gaskiyarsa, na yi ha'inci wurin gugar ciki, kafaɗata ba ta jurewa. Ta kara masa wayar a kunne, na ce, "Injiniya, na ji, zan ƙara gogewa." Ina jin numfashinsa, da wani sauti da nake zaton dariya ce. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Ya rasu farkon daminar da ta biyo. Labarin bai iso ni ba sai bayan an binne shi, don wayata ta lalace a makon. Na je gaisuwa, tafiyar wuni guda. A bayan gidansu akwai rafi, a nan na fara ganin ƙatuwar gora a tsaye da ganyenta, ta fi soro tsawo, tana ƙara in iska ta kaɗa ta. Na kwana ɗaya na dawo.

Masu hayar gidan ma'aurata ne matasa, mutanen kirki, muna gaisawa.

A kakar bara ina zaune a gindin tsamiya wani dattijon Bafulatani ya kawo shanu shan ruwa. Ya bar su suna sha, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ni, ya dogara da sandarsa. Muka gaisa. Ya daɗe yana kallon totuwar da ke yawo a kan ruwa.

"Moddibbo, da ku biyu ne," ya ce, haka suke kiran malami. "Ina ɗayan, mai malafa?"

Ban taɓa lura da shi ba, ashe shi yana ganinmu daga tsallake. Na gaya masa. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri. Ban san dalili ba, sai na sami kaina ina ba shi labarin tun daga buhunan albasa har darbejiya da turmi. Bai katse ni ba. Ban sani ba ko duk ya gane, don Hausarsa ba ta da yawa, ni kuma Fulatancina na gaisuwa ne. Da na gama ya miƙo hannu na ba shi kuben. Ya buɗe, ya sunsuna, ya rufe. Ya ce yana da takardun allurar shanu da sirinji, kullum ruwa yana jiƙa su a jaka in suna ƙaura, ko ana samun gajere irin wannan?

Na ce ya ba ni mako biyu.

Na yanke ɗaya daga cikin na rara, gaɓa biyu kawai, na sake ɗaure bakin, na goge cikinsa sosai, na kai wa baduku ya rage maratayin. Ranar Asabar ta biyu na isa tun hantsi. Na jira har azahar, shanu ba su zo ba. Na naɗe zare na tsallaka ta inda ruwa bai kai gwiwa ba, na bi sawun kofato har wata gonar gero da aka girbe. Na tarar da duwatsun murhu da toka da kashin shanu. Sun tashi.

A tasha na ga wata mai tallar nono, na kwatanta mata shi. Ta ce ta san rugarsu, sun yi gabas neman kiwo, amma 'yar'uwarta tana aure a cikinsu, sukan haɗu ranar kasuwa. Na ba ta, ta sa a cikin ƙwaryar da babu nono, ta ɗora faifai. Ban sake ganinta ba, ban kuma san ko saƙon ya isa ba. Motar Azare ta cika, na shiga na zauna kusa da taga, na ajiye bokitin tsakanin ƙafafuna. Karfasa biyu ne a ciki, na ba matar ƙanena ta yi mana miya.